Ta Wace Ƙofa Take Shigowa? Nazari kan Yaɗuwar Manhajar Garkuwa da Bayanai a Kwamfutocin Ɗaiɗaikun Mutane

Tsakure

Da zarar an ambaci manhajar garkuwa da bayanai, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne annobar WannaCry ta 2017, wadda ta riƙa tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Wannan maƙala tana ganin cewa shaharar wannan hari ta karkatar da hankalin masu ba da shawara. Kwamfutar ɗalibi, ko ta mai shagon buga takardu, ko ta mai ɗaukar hoton biki, ba kasafai ake kama ta haka ba. Mutum ne ke buɗe wa manhajar ƙofa da hannunsa, kuma a garuruwanmu sau da yawa wannan hannu ba na mai kwamfutar ba ne. An bibiyi yadda dabarar kullewa ta bunƙasa daga 1989, aka duba hanyoyin shiga, sannan aka tsaya a kan dangin STOP/Djvu da alaƙarsa da kasuwar manhajojin sata.

1.0 Gabatarwa

Manhajar garkuwa da bayanai muguwar manhaja ce da ke hana mutum isa ga abin da ya ajiye a kwamfutarsa, sannan ta nemi kuɗin fansa kafin ta sake shi. Iri biyu ce. Akwai wadda ke toshe fuskar kwamfuta kawai, kamar Reveton da ta yi tashe a 2012, wadda ke nuna tambarin 'yan sanda ta ce an kama mutum yana kallon haram, ya biya tara. Wannan barazana ce irin ta fatar baki, domin fayilolin suna nan lafiya, kuma mai gyara na iya cire ta. Ta biyun ita ce mai bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ta birkita abin da ke cikinsu da lissafi, yadda ko an cire manhajar, ko an ɗauke faifan an sa a wata kwamfutar, ba za su buɗu ba. A kan ta biyun wannan takarda za ta yi magana.

Mafi yawan abin da ake rubutawa a wannan fage ya shafi manyan kamfanoni. Kowa ya ji labarin Colonial Pipeline, kamfanin bututun mai na Amurka da ya biya kimanin dala miliyan 4.4 a watan Mayun 2021. Irin wannan hari mutane ne ke zama su tsara shi, su yi kwanaki suna leƙen asiri a cikin kwamfutocin kamfani. Ɗalibar da ke rubuta kundin digirinta ba wanda zai ɓata mata wannan lokaci. Tarkon da ke kama ta an ɗana shi ne don kowa da kowa.

2.0 Dalilin da ya sa kullewar ba ta karyuwa

A watan Disambar 1989 wani masanin halittu ɗan Amurka, Joseph Popp, ya aika da ƙananan fayafayan kwamfuta kimanin 20,000 ta gidan waya zuwa ga masu binciken cutar ƙanjamau da wasu masu karanta mujallar kwamfuta. An rubuta a jikinsu cewa bayani ne kan cutar. Wanda ya ɗora, bayan ya kunna kwamfutarsa sau 90, sai manhajar da ke ciki ta ɓoye foldodinsa, ta birkita sunayen fayiloli, ta ce ya aika da dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama. Aikin bai yi ƙarko ba. Sunaye kawai ya taɓa, kuma makullin da ya kulle da shi yana cikin manhajar kanta, don haka masana suka zaro shi ba da jimawa ba.

Wannan rauni ne Adam Young da Moti Yung suka nuna yadda za a toshe, a wata maƙala da suka gabatar a taron IEEE kan tsaro da sirri a 1996. Sun yi gargaɗin cewa idan mai hari ya yi amfani da tsarin makulli biyu, na fili da na sirri, to binciken manhajar ba zai amfana da komai ba. Abin kamar kwaɗo ne: kowa na iya danna shi ya kulle, amma buɗewa sai mai riƙe da makulli. Manhajar tana zuwa da kwaɗon kaɗai, makullin yana can hannun maigidanta.

A aikace, manhajojin yau suna haɗa dabaru biyu. Suna kulle fayilolin da tsari mai sauri kamar AES ko Salsa20, domin hotuna dubu goma ba sa son jinkiri. Daga nan sai su ɗauki makullin da suka yi wannan aiki da shi, su kulle shi da makullin fili na RSA. Kafin su gama, da yawansu kan ba Windows umarnin share kwafin ɓoye da take ajiyewa na fayiloli, don kada a koma baya a dawo da su. Sannan su liƙa wa kowane fayil sabuwar wutsiyar suna, su bar takardar neman fansa a kowace folda.

Shekaru 17 ne tsakanin gargaɗin Young da Yung da ranar da aka ga cikarsa sosai. Abin da ya kawo jinkirin shi ne hanyar karɓar kuɗi. Akwatin gidan waya ana iya tsare shi, asusun banki ana iya bin sawunsa. Bitcoin da ya fito a 2009 ne ya warware wa masu laifi wannan matsala. A watan Satumbar 2013 CryptoLocker ta bayyana da makullin RSA mai tsawon 2048, tana neman kimanin dala 300 cikin kwana uku. Ba wanda ya karya lissafinta. Waɗanda suka samu fayilolinsu kyauta sun same su ne saboda jami'an tsaron ƙasashe da dama sun ƙwace kwamfutocin gungun a samamen Operation Tovar na tsakiyar 2014, aka tarar da rumbun makullan, kamfanonin FireEye da Fox-IT suka buɗe shafin raba su a watan Agusta. Evgeniy Bogachev, ɗan Rashan da Amurka ke tuhuma da jagorancin gungun, gwamnatin Amurka ta sa ladar dala miliyan 3 a kansa a 2015.

Abin lura a nan shi ne, duk lokacin da aka ji an ceto fayiloli kyauta, ɗayan uku ne ya faru: ko marubucin manhajar ya yi kuskure, ko an ƙwace makullan, ko gungun ya saki makullin da kansa, kamar yadda masu TeslaCrypt suka yi a watan Mayun 2016 da suka rufe harka. Mai gyaran da ya ce zai buɗe kowane irin fayil da aka kulle, a bincike shi da kyau.

3.0 Hanyoyin shiga

Popp ya dogara ne da cewa likita zai amince da faifan da aka rubuta sunan aikinsa a kai. CryptoLocker ma haka: saƙon imel ne kamar daga kamfanin aika kaya, ɗauke da dunƙulen fayil, a ciki akwai abin da ke kama da takardar PDF. Windows ba ta nuna wutsiyar sunan fayil sai an umarce ta, saboda haka fayil mai suna rasit.pdf.exe yakan fito wa mutum a matsayin rasit.pdf kawai. Wannan ɗan tsari na Windows, wanda aka yi don sauƙaƙa wa jama'a, ya daɗe yana yi wa masu laifi hidima.

Locky, wadda ta ɓulla a Fabrairun 2016, ta zo da takardar Word mai rubutu a hargitse, da saƙon cewa a kunna makro don rubutun ya daidaita. Makro ƙananan umarni ne da takarda ke iya ɗauka, kuma da mutum ya danna, sai su sauko da manhajar. A wannan watan ne asibitin Hollywood Presbyterian da ke Los Angeles ya biya Bitcoin 40, kimanin dala 17,000 a lokacin. Sai a 2022 Microsoft ta toshe makro a takardun da suka fito daga intanet, sai masu harin suka koma ga wasu nau'o'in fayil. Akwai kuma zamanin da buɗe shafin intanet kawai kan isa, ta hanyar ramukan Adobe Flash da tsohuwar Internet Explorer. Wannan hanya ta ja baya sosai, musamman bayan an yi ritayar Flash a ƙarshen 2020. Masu Mac ma ba su tsira ba: a Maris 2016 an cusa KeRanger cikin manhajar Transmission a shafinta na ainihi.

3.1 WannaCry: shahararriya amma baƙuwa

Ranar Juma'a 12 ga Mayu 2017, WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. Ta yi amfani da EternalBlue, wani makamin kutse da aka sace daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, wanda gungun Shadow Brokers ya watsa ranar 14 ga Afrilu. Makamin na shiga ta wani rami a tsohon tsarin da Windows ke musayar fayiloli da shi, ta ƙofa mai lamba 445. Microsoft ta riga ta fitar da facin ramin tun 14 ga Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka faɗa. A Ingila an soke ganin likita kusan 19,000, kuma ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta asarar a fam miliyan 92. Wani matashin mai bincike, Marcus Hutchins, ya lura manhajar na neman wani adireshin intanet da ba a yi wa rajista ba. Da ya yi masa rajista sai yaɗuwar ta tsaya. A Disambar shekarar Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa.

Duk da wannan ɓarna, abin da gungun ya tara bai wuce dala 140,000 da 'yan kai ba. Asusun Bitcoin uku kacal suka sa wa kowa, ba su da ingantacciyar hanyar gane wanda ya biya. Ta fuskar kasuwancin fansa, aikin ya gaza.

Muhimmin abu ga batunmu shi ne inda ta fi yin ta'adi. WannaCry na bukatar kwamfutoci masu ganin juna kai tsaye, irin na asibiti, masana'anta da jami'a. Kwamfutar gida da ke shiga intanet ta wayar hannu ko ta ƙaramin akwatin data tana bayan shinge ne, ba a iya ƙwanƙwasa mata ƙofa ta 445 daga waje cikin sauƙi. Saboda haka wanda ya gina fahimtarsa a kan WannaCry zai riƙa tsaron taga, alhali abin da ke kama kwamfutocin gida ta ƙofar gaba ake shigo da shi.

4.0 STOP/Djvu: wadda ba ta shiga jaridu

Dangin STOP ya fara bayyana a ƙarshen 2017, reshensa na Djvu kuma a ƙarshen 2018. Shekaru da dama shi ne ya fi kowane dangi yawan ƙorafi a shafin ID Ransomware, wanda mai bincike Michael Gillespie ya kafa don mutane su gane irin manhajar da ta kama su. Amma da wuya a ji sunansa a labarai, domin ba ya rufe bututun mai. Waɗanda yake kamawa talakawa ne, kowa a ɗakinsa.

Hanyarsa ɗaya ce a mafi yawan lokuta: kirak. Wato ƙananan manhajojin da ake sauko da su don a buɗe Windows, Office, Photoshop, CorelDraw ko wasannin kwamfuta ba tare da an biya lasisi ba. Masu shafukan da ke raba irin waɗannan kaya ana biyan su ne bisa yawan kwamfutocin da suka ɗora wa kayan wani, don haka sukan naɗe kirak ɗin tare da duk abin da aka ba su. Wani lokaci kirak ɗin na aiki, wani lokaci fanko ne.

Dabarar da ta fi ba ni mamaki a nan ba ta lissafi ba ce. Duk wanda ya taɓa ɗora kirak ya san umarnin farko: a kashe antibairos tukuna, domin zai yi ƙarya ya ce cuta ce. Kuma a wasu lokutan da gaske antibairos kan yi kuka a kan kirak marar lahani, don haka jama'a sun saba da yin watsi da kukansa. Mai STOP bai sha wahalar ɓoye wa matakan tsaro ba. Ya sami mutanen da aka riga aka horar su kwance wa kansu ɗamara, su kuma ba manhajar cikakken izini da hannunsu.

Da ta shiga, wasu nau'o'inta kan nuna tagar ƙarya mai kama da sabuntawar Windows, don mutum ya ɗauka nauyin da kwamfutar ke yi na wannan ne. Takan gyara wani fayil na Windows don ta hana buɗe shafukan kamfanonin tsaro. Takan duba ƙasar da kwamfutar take, idan Rasha ce ko wasu maƙwabtanta sai ta janye. Sannan ta tuntuɓi kwamfutar iyayen gidanta ta karɓo makulli na musamman ga wannan mutum. Idan ta gama, kowane fayil zai samu wutsiya, galibi mai haruffa huɗu marasa ma'ana, sai takarda mai suna _readme.txt wadda a shekarun baya take neman dala 980, ko 490 idan an tuntuɓe su cikin awa 72, tare da tayin buɗe fayil ɗaya kyauta don a gaskata.

Akwai wani lungu a tsarinta da ya shafe mu kai tsaye. Idan a lokacin kullewar babu intanet, ko kwamfutar gungun ba ta amsa ba, sai manhajar ta koma ga wani makullin ko-ta-kwana da ke cikinta, wanda iri ɗaya ne ga duk waɗanda wannan nau'in ya kama. Lambar shaidar da ke ƙasan takardar fansa takan ƙare da t1 idan haka ta faru. Da an samu wannan makulli daga mutum ɗaya, sauran duk sun tsira. A Oktoban 2019 kamfanin Emsisoft tare da Gillespie suka fitar da manhajar buɗewa kyauta da ta shafi tsofaffin nau'o'i 148. Sababbin da suka fito daga Agustan 2019 sun ƙara ƙarfin kullewa, sai dai wannan lungu na makullin ko-ta-kwana ya ci gaba da aiki. Ke nan ƙarewar data ko yankewar sabis a daidai wannan lokaci na iya zama sanadin tsira. Haka kuma, manhajar farkon fayil kawai take kullewa, kimanin kilobayit 150, shi ya sa a wasu lokuta ake iya gyara manyan fayilolin bidiyo da na sauti.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne STOP ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Takan taho da ɓarayin kalmomin sirri irin su Azorult da Vidar, masu kwashe duk abin da aka ajiye a manhajar shiga intanet. Mutum na can yana kukan hotunansa, an riga an tafi da makullin imel ɗinsa da na Facebook.

5.0 Hannun wa ya danna?

Shawarwarin tsaro da ake bugawa a Turai da Amurka suna ɗauka cewa mai kwamfuta shi ne ke ɗora mata manhaja. A Kano, Kaduna, Zariya ko Maraɗi, lamarin ya sha bamban. Mutum ya sayi kwamfuta ta hannu, a nan shagon za a tambaye shi: "Alhaji, me da me za a zuba maka?" Injiniya ya ɗauko filas ko faifan ajiyarsa, ya zuba Windows, Office da duk abin da aka lissafa, ya buɗe su da kirak. Mai kwamfutar bai san daga wane shafi aka sauko da su ba, sau da yawa shi injiniyan ma daga abokin sana'a ya kwafa. Binciken ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA na 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutoci a Najeriya ba su da lasisi. Ba mugun hali ne ya kawo haka ba. Lasisin da ake biya da dala kowane wata ya fi ƙarfin mai zanen katin biki da ake biya da naira.

Wannan ya haifar da abubuwa biyu. Na farko, faifan injiniya ɗaya na iya zama mafarin kamuwar kwamfutoci da yawa. Na biyu, don kada kirak ya lalace, an saba kashe sabuntawar Windows gaba ɗaya, wani lokaci ma da hujjar tana shan data. Kwamfutar da aka yi wa haka ta rasa kariya daga ɓangarori biyu.

Filas ma hanya ce. Duk wanda ya taɓa kai aiki shagon buga takardu ya san cutar da ke ɓoye foldodi ta maye gurbinsu da gajerun hanyoyi na bogi. Manhajar garkuwa mai suna Spora ta yi amfani da wannan dabara a farkon 2017. Ko da manhajar ba mai bin filas ba ce, duk abin da ke maƙale da kwamfuta a lokacin kullewa yana shiga ciki, har da faifan da aka ce na ajiya ne. Mai ɗaukar hoto da ke barin faifansa na waje a jone dare da rana ba shi da ajiya, kwafi biyu yake da su a wuri ɗaya.

A ganina, wayar da kan da hukumomin Najeriya irin su NITDA da ngCERT ke yi zai fi tasiri idan ya nufi ƙungiyoyin masu gyara da masu sayar da kwamfuta a kasuwanni, fiye da saƙon gama-gari na "kada ka buɗe imel ɗin da ba ka sani ba". Kuma faɗa wa mutum ya sayi lasisi ba tare da nuna masa mafita ba ɓata baki ne. LibreOffice na yin mafi yawan aikin Office, GIMP da Inkscape na ɗaukar wani kaso na aikin hoto da zane, duk kyauta ne daga shafukansu. Windows ɗin da aka sauko daga Microsoft tana aiki kuma tana karɓar facin tsaro ko ba a sa mata lasisi ba, illa 'yar alama a kusurwa da hana sauya wasu kayan ado. Da yawan kwamfutoci na hannu ma suna zuwa da lasisinsu a jiki, amma a goge a zuba na sata.

6.0 Idan ta riga ta afku

Matakin farko shi ne a raba kwamfutar da intanet, a zare duk filas. Na biyu, kada a yi gaggawar yin fomatin, wanda shi ne maganin da shaguna suka fi bayarwa. A kwafe fayilolin da aka kulle tare da takardar fansar a ajiye, domin makullin da babu yau yana iya fitowa bayan shekara. A kai samfuri shafin ID Ransomware ko No More Ransom, wanda 'yan sandan Holan, Europol, Kaspersky da Intel Security suka kafa a Yulin 2016. A sauya duk kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta. Wanda fayilolinsa ke kwafuwa zuwa OneDrive ko Google Drive ya duba tsofaffin kwafi da wuri, domin ba a ajiye su har abada.

Batun biyan fansa, hukumomin tsaro na hana shi, kuma da hujja: babu tabbacin za a ba da makulli, kuɗin kuma shi ke raya sana'ar. Ga mafi yawan mutanenmu ma tambayar ba ta tasowa, domin dala 490 ta fi kuɗin kwamfutar kanta. Haɗarin da ya fi kusa da su shi ne 'yan damfarar da ke bin waɗanda abin ya shafa a shafukan sada zumunta, suna cewa sun san wani gwani da zai buɗe da rahusa.

Akwai kuma matsalar da ke tafe. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, ta kuma kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da ƙarin wa'adi na musamman ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa na bukatar guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, galibi daga zubi na 8 na Intel zuwa sama. Kamfanonin Turai da Amurka za su sallami miliyoyin kwamfutocin da ba su cika wannan sharaɗi ba, kuma kasuwanninmu na cikin inda irin waɗannan kaya ke sauka. Mai sayen su zai zaɓa tsakanin Windows da ba ta samun faci, da Windows 11 da wani ya yi wa kwaskwarima don ta hau tsohon inji, wadda za a sauko daga irin shafukan da STOP ke jira. Zaɓi na uku, wato ɗora Linux, yana bukatar masu gyaran da suka iya shi, kuma wannan horo ne da kwalejojin kimiyya da fasaha za su iya fara bayarwa tun yanzu.